Igiyar Awon Kawu Mainassara

Duk wanda ya taɓa buga balo, ƙwallon ƙafa, a Rijiyar Tsoho ya san Kawu Mainassara. Ni na buga shekara tara ina tsaron baya, gefen hagu, har gwiwata ta ce ta gaji, na koma sana'ar kabu-kabu tsakanin garinmu da Dungas. Shi Mainassara mijin ƙanwar uwata ne, Inna Hinda, amma gari duka Kawu ake ce masa, har da waɗanda suka girme shi.

Mutumin nan bai taɓa sa ƙafa ya bugi ƙwallo ba. Ko sau ɗaya. In ta gangaro gabansa sai ya sunkuya ya ɗauka da hannu biyu, ya share mata ƙasa, ya miƙa. Manomi ne, dogo, siriri, mai ƙarancin magana, kuma filin da kulob ɗinmu ya buga wasa shekara talatin gonarsa ce.

Ga yadda abin ya faro. A 1993 aka kawo mana wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ana ce masa Mushe Abdulrazak, mutumin Damagaram, da akwatinsa da balo guda a cikin jaka. Ya zaga gari yana neman shimfiɗaɗɗen wuri, bai samu ba sai gonar da ke tsakanin hanyar Dungas da bayan gidan Mainassara. Ya je ya roƙa. Kawu ya ce, “Da damina tawa ce. In an yi girbi taku ce.” A kan wannan maganar aka zauna, ba takarda ba shaida.

Sunan kulob kuwa gonar ce ta ba shi. Ranar wasan farko ba wanda ya fita ba tare da ƙarangiya a wando ba, har shi Mushe. Ya ce to shi ke nan, Ƙarangiya ta Rijiyar Tsoho. Mayo na farko, rigunan wasa, daga gwanjo aka tsinto su a kasuwar Magariya, kore ne dai duka, amma kowane da irin korensa. Wasan waje a amalanke ake zuwa, shanu biyu na jan mutum goma sha huɗu, a isa an riga an gaji da zama.

Mushe ya san ba zai dawwama a garin ba, don haka kafin a ɗauke shi ya yi wata dabara. Ya samo igiyar guga sabuwa, ta roba, shuɗiya, ya auna ta da abin awonsa na lakwal, ya yanke ta daidai metir ashirin da biyar, ya ƙona bakin da wuta don kada ta warware. Ya kafa turken ƙarfe a gindin tsamiyar bakin hanya. Ya ce wa Kawu, “Daga turken nan, igiya huɗu zuwa gabas, tsawo ke nan. Biyu da rabi zuwa arewa, faɗi ke nan. Kada ka ba kowa aro.”

Kawu bai ba kowa aro ba. Ranar da igiyar rijiyar unguwa ta tsinke, mata suka zo har ƙofar gida, ya ce su yi haƙuri. A cikin rumbu yake rataye ta, can sama.

Kowace shekara aikin iri ɗaya ne. A girbe gero, a bar shanun Fulani su ci kara kwana bakwai su bar taki, sannan mu 'yan wasa mu fito da fartanya mu tone tushiya, mu share ƙarangiya iya yadda ta yarda. Daga nan sai Kawu ya sauko da igiya. Ya ja huɗu, ya kafa sandunan raga, ya ɗauki ƙwaryar toka. Tokar nan tun tsakar damina yake bi gida-gida yana tarawa, kuma ba kowace yake karɓa ba. Ta karan gero yake so, ya ce ita ce fara. Ya tankaɗe ta da rariya kamar garin tuwo. In yana zuba layi ba ya amsa sallama. Liman ma ya sani, sai ya tsaya ya jira.

Wallahi layin Kawu ya fi na birni miƙewa. Na buga a Magariya, na buga a Matamai, na buga a Damagaram, ban ga kamarsa ba.

Shekaru suka yi ta tafiya. Mun sha kashi, mun ba da kashi. Akwai shekarar da akuya ta shiga raga ta tare ƙwallon da za a ci mu, arbit, alƙalin wasa, ya rasa ta cewa, aka tashi ba a gama ba. Akwai shekarar da rabin 'yan wasa suka tafi cin rani Kano, muka buga da tela da mai shayi. Da Dungas ta zama departama, gunduma mai cin gashin kanta, a 2011 aka fara gasa ta gaske, da lisans da hoto da tambari. Nan ne Alhaji Bukar, ɗan kasuwar gyaɗa, ya karɓi kulob ya zama farzidan, shugaba ke nan, ya sayo mayo masu kore iri ɗaya, ya ɗauko antirenar mai horar da mu, ya fara biyan 'yan wasa. Aka daina amalanke, aka koma bayan kamiyo, babbar motar kaya, tare da buhunan gyaɗa.

Wani abu guda dai ya daɗe yana ɗaure mana kai. A gida ba mai iya mana. Gardiyan ɗinmu mai tsaron raga, Idrisa, in ya ɗaga ƙwallo daga ragarsa sai ta sauka a gaban ragar mutane, sau biyu ma ta shiga. Amma da mun fita waje, kafin a tafi hutun rabin lokaci harshenmu ya zazzago. Mukan ce filin birni ba ya ƙarewa. Antirenar ya ce ragwanci ne. Tsofaffi suka ce ruwan garin mutane ne bai karɓe mu ba, har muka riƙa tafiya da namu a jarka. Ba wanda ya kawo igiya a ransa.

Kawu bai damu da wasan waje ba, don ba ya zuwa. Burinsa ɗaya ne, kuma ya faɗa mini shi ba sau ɗaya ba. “Laminu, ina so in ga ranar da manyan kulob za su taka tokata. Rukuni na biyu, a gonata. In na ga wannan, Allah ya ɗauki raina ranar da ya so.” Nakan yi dariya in ce Kawu ai sai ka daɗe.

To, a 2023 sai ga shi yaranmu sun cinye gasar jiha. Kada ka tambaye ni yadda aka yi, ni ma da nake wurin ban gane ba. Aka hau rukuni na biyu na ƙasa. Aka yi kiɗa, Alhaji Bukar ya yanka sa, Kawu ya tara toka buhu shida.

Bayan girbi, hukumar ƙwallo ta aiko mutum ya duba fili kafin a yarda a buga a cikinsa. Mushe Souleymane sunansa, mutum mai fara'a, da tabarau da littafi da abin awo mai naɗewa. Kawu ya riga ya zuba layi tun da safe, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ranar Talata. Baƙon ya yaba layin, ya yaba ragar. Ya ba ni bakin abin awo na riƙe a turke, ya yi gabas yana warwarewa. Da ya kai ƙarshe ya duba, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Ya ce mu sake. Muka sake.

“Tamanin da uku,” in ji shi.

Kawu ya ce, “Ɗari ne, ranka ya daɗe. Igiya huɗu.”

“Baba, kawo igiyar.”

Aka shimfiɗa igiya kusa da abin awo. Metir ashirin da ɗaya ma ba ta cika ba.

Nan fa gari ya ɗauka. Wani ya ce rana ce ta motsar da ita. Wani ya ce aikin 'yan Tsaunin Ƙande ne, abokan gabarmu, sun yi mata asiri. Idrisa, wanda ya shekara goma sha biyar yana cika baki da ƙarfin ƙafarsa, ya sulale ya tafi gida. Ni dai dariya ta kama ni har na zauna a ƙasa, sai da na ga fuskar Kawu na haɗiye ta.

Mushe Souleymane bai tsananta ba. Ya ce faɗin ya isa, tsawon ne matsala. “Ku ƙaro metir goma sha biyu, da ɗan sarari bayan raga. Zan dawo nan da sati biyu. In ba haka ba, wasanninku na gida sai dai a Magariya.”

Yamma ba a ƙarawa, hanya ce. Gabas kaɗai ta rage. Muka juya gaba ɗaya muka dubi gabas, kuma ina jin ranar ce da yawanmu muka fara ganin wurin da ido na gaske. Tsakanin raga da katangar gidan Kawu lambu ne cikakke. Zogale a jere, lalle, lemun tsami huɗu, gwaiba biyu, da mangwaron da muke zama a inuwarsa duk hutun rabin lokaci. Lambun Inna Hinda. Da guga take ba shi ruwa, safe da yamma, rani bayan rani.

Ni na naɗe igiyar na bi Kawu gida. Muka tarar da Inna a tsakar gida tana tsince zogale a faranti. Gajeriya ce, mai baki, ba ta ajiye magana ta kwana. Kawu ya zauna a kan turmi ya ce, “Hinda, igiya ta ragu.”

Ba ta ɗago ba. “Na ji.”

“Ban ba kowa aro ba.”

“Ba ka ba kowa ba, Malam. Shekarar farko ɓera ne. Sauran ashirin ni ce.”

Na so in tashi in ba su wuri, ta ce, “Zauna, Laminu, kai ma ka sha lemun.”

Sai ta ba da labari kamar tana faɗin abin da aka sayo a kasuwa. Wata damina ta shiga rumbu ɗibar hatsi ta ga ɓera ya ci bakin igiyar. Ta ji tsoron ɓacin ransa, ta yanke wurin, taƙi guda, ta ƙona bakin yadda Mushe ya yi. Da aka yi awo a shekarar, taƙi guda sau huɗu ya bar wani siririn wuri bayan raga, kamar faɗin tabarma. Ta soka zogale a wurin, ya kama. Da wata shekara ta zagayo ta ɗauki wuƙa da kanta. Tun da sandunan raga cire su ake yi duk damina, kuma daga yamma ake fara awo, fili ya riƙa ja da baya a hankali, lambu yana biyo shi.

Kawu ya ce, “Da kin roƙe ni wuri ai da na ba ki.”

“Wuri?” Ta ajiye farantin. “Ina da gayaunata, me zan yi da wuri? Da damina kana cikin gero, da rani kana cikin toka. In na yi magana, kana lissafin layi a ranka. Na ce bari in matso, in ga yaushe mutumin nan zai ɗago kai ya ce Hinda, me ke faruwa a nan? Shekara ashirin kana ƙare layinka a gindin shukata, ka karkaɗe ƙwarya, ka juya. Ka ci mangwaron nan ya fi a ƙirga. Ka taɓa tambayar wa ya dasa shi?”

Ni ma kunya ta kama ni, don ni ma ban taɓa tambaya ba.

Ta ɗauki farantinta ta ci gaba da tsinta. “Ku sare. Gonarka ce, kuma ni na yi laifi. Ba zan tsaya gaban gatari ba, ba kuma zan kai ƙara wurin kowa ba. Ku dai bar ni in tsinke lemun da ya nuna.”

Maganar ba ta ɓoyu ba, ba a garinmu ba. Mata suka yi ta shigowa yi wa Inna sannu, suna fita suna dariya a cikin mayafi. Maza suka rabu, amma ba rabuwa mai yawa ba: kusan kowa sarewa yake so. Ni ne kan gaba. Shekara talatin muna jiran wannan rana, a ce itatuwa goma sha wani abu su hana? Alhaji Bukar ya zo da kansa ya yi wa Inna alkawarin wani wuri kusa da rijiya, da dashe sabo daga Magariya. Ta ce ta gode. Aka sa ranar Asabar.

A cikin kwanakin nan na ga Kawu sau biyu a lambun, shi kaɗai, hannu a baya, yana bin itatuwan ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauka yana duba ta inda za a fara ne.

Asabar da hantsi muka taru, mu wajen talatin, da gatura da adduna. Inna ta riga ta tsinke lemunta, ta wasa gatarin gidan da kanta ta jingina shi a jikin mangwaro, ta shige ciki. An kafa turke sabo can tsakiyar lambu, inda fili zai kai. Alhaji ya ce Kawu ya fara zuba layin gefe har turken, don mu san abin da za a sare da abin da za a bari.

Kawu ya ɗauki ƙwarya. Ya fara daga tsamiya, ya sunkuya, toka na zuba daga hannunsa siririya, fara tas. Muka bi shi a baya. Ya wuce tsakiya, ya wuce inda Idrisa ke tsayawa, ya iso gaban zogalen farko, wanda aka soka bara, bai fi tsayin mutum ba. Ya tsaya. Muka jira ya ɗaga ƙafa ya tsallake.

Sai ya karya kwana. Ya ja layin baya daga kudu zuwa arewa, a inda yake bara, a gaban itatuwan, bai taɓa ko ganye ba. Da ya kai ƙarshe ya karkaɗe ƙwarya, ya miƙe, ya ce, “Nan fili ya tsaya.”

Alhaji Bukar ya ce, “Kawu, ka san abin da wannan ke nufi?”

“Na sani, Alhaji. Ku tafi Magariya. Allah ya ba da sa'a.”

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce masa, a gaban mutane, “Kai fa ka ce in ka ga wannan rana ko mutuwa ka yi ba komai. Yanzu ga ta a hannunka ka zubar saboda zogale?” Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar, kuma har yau in na tuna sai in ji nauyi. Ya dube ni, idonsa ya yi ja. Ya ce, “Na faɗa, kuma har yanzu ina so. Amma shekara ashirin ana yi mini magana ban ji ba, Laminu. Yanzu da na ji, ba zan amsa da gatari ba.” Ya je ya ɗauki gatarin daga jikin mangwaro ya shiga gida da shi.

Haka Ƙarangiya ta koma buga wasan gida a garin da ba nata ba. Shekarar farko mun sha wuya, da ƙyar muka tsira daga faɗuwa, amma yara sun koyi gudu, tun da yanzu filin nasu ma ba ya ƙarewa. Har yau muna rukuni na biyu. Akwai mutanen da suka yi wata shida ba su gaishe da Kawu ba. Ni wata guda na yi, sannan Inna ta aiko a ce mini in ban zo ba za ta zo da kanta, na kuwa je.

Kawu bai taɓa zuwa Magariya kallo ba. Na yi masa tayin babur kyauta ya fi sau goma, ya ce ba zai iya kallon layin wani ba. Ranar wasan farko ya zauna a gindin mangwaro da waya a kunne, ina ba shi labari daga bakin fili. Da muka ci, na ji ya yi shiru, na ce Kawu kana ji? Inna ce ta karɓi wayar ta ce, “Yana ji. Ba shi minti ɗaya.” Duk Lahadi kuwa sai ta ba ni ƙullin lemun tsami in kai wa yara na hutun rabin lokaci.

Gonar ba ta zauna banza ba. Mu tsofaffin 'yan wasa, masu tumbi da ciwon gwiwa, mu muka gaje ta, kuma metir tamanin da uku ma yawa yake yi mana. Bana bayan girbi, da shanu suka gama da kara, muka tone tushiya, Kawu ya sauko da igiyar daga rumbu. Inna na bakin lambu da gugarta. Maimakon ya nufi turke, sai ya zauna a ƙasa, ya zaro wuƙa daga aljihu. Ya ware yatsunsa a bakin igiyar, ya auna taƙi guda, ya yanke. Ya ƙyasta ashana ya ƙona bakin. Sannan ya tashi ya je ya miƙa mata guntun.

Inna ta juya shi a hannu, ta gwada da nata yatsun.

“Malam, ka yanke da yawa. Taƙinka ya fi nawa.”

“Na sani,” in ji Kawu. Ya ɗauki igiyar ya tafi wajen tsamiya ya fara awo.